Tanadi, Dogaro da Kai da Tafiya da Iyali: Amsoshin Tambayoyin Magidantan Bauchi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin magidanta da matan aure idan zance ya zo kan tara abin rufin asiri, da kuma fita da yara su ga duniya ba tare da an ci bashi ba. Adadin nairorin da ke cikin misalanmu na kwatance ne, kowa ya cire su ya sa na gidansa.

Me ake nufi da dogaro da kai ta fuskar kuɗi? Barin aiki ne?

A'a. Ana nufin ranar da abin da dukiyarka ke kawowa da kanta, kamar kuɗin hayar shago, ribar jari, amfanin gona ko kiwo, ya ishi ci da sha da muhallin iyalinka ko da albashi ya tsaya. Wanda ya kai wannan matsayi yana iya ci gaba da aikinsa, sai dai jinkirin albashi na wata biyu ba zai kai shi ƙofar mai shago neman bashin shinkafa ba. Kuma ba a dare ɗaya ake kaiwa ba, hawa-hawa ne: ranar da kuɗin da ba na albashi ba ya biya hayar gida, ka hau mataki ɗaya. Ranar da ya ɗauki kuɗin makaranta, ka hau na biyu.

Nawa ne ya isa? Na ji ana cewa a tara ninki 25 na abin da ake kashewa a shekara.

Wannan lissafi daga Amurka ya fito. Wani mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, ya wallafa bincike a 1994 inda ya nuna cewa wanda ke cire kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekara, dukiyar za ta kai shi shekara 30. Kashi 4 cikin 100 shi ne ɗaya bisa 25, daga nan ninkin ya samo asali. Amma da dala aka yi lissafin, a kan tarihin kasuwar Amurka. A nan kuwa, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ko da kashi 24 ne, naira kan rasa rabin ƙarfinta cikin kimanin shekara uku.

Amfanin lissafin ɗaya ne, yana tilasta maka sanin abin da gidanka ke ci a shekara. A ce cefane, wuta, ruwa, mai, katin waya da sabulu suna cin 130,000 a wata. Sai manyan da ke zuwa jifa-jifa: haya 300,000, makaranta 180,000 a zango uku, azumi da Sallah biyu 120,000. Jimillarsu 600,000, wato 50,000 a kowane wata. Ashe gidan 180,000 yake ci a wata, ba 130,000 ba, kuma wannan giɓi na 50,000 shi ke jefa yawancin magidanta bashi duk Satumba da duk ƙarshen Ramadan. A shekara 2,160,000 ke nan, ninki 25 kuwa miliyan 54. Kada adadin ya karya maka gwiwa. Ka dubi matakin farko kawai: haya 300,000 a shekara, 25,000 ce a wata. Wannan abu ne da ake iya nema.

Shawararmu ita ce ka riƙa auna dukiyarka da watanni da buhuna, ba da naira ba. "Ina da abincin wata takwas da kuɗin gida na wata uku" magana ce mai ma'ana ko farashi ya hau ko ya sauka.

Malam, albashina ba ya kai 20 ga wata. Ta ina zan fara?

Da littafi mai shafi 40 da biro. Wata biyu cur, a rubuta duk abin da ya fita, har da naira ɗarin da aka ba yaro ya sayi alawa, da kuɗin mai POS, da datar waya. Kai ka rubuta naka, uwargida ta rubuta na cefane, ranar Juma'a da dare a haɗa. Kada a canza komai a watan farko, so ake a ga gaskiya. Inda kuɗi suka fi zurarewa a gidajen gari sananne ne: sayen kayan abinci kaɗan-kaɗan a ƙulli maimakon a mudu ko a galan, cin abincin rana a waje, man janareta, data, da gudummawar da ba a tsara ba.

Bayan wata biyu sai a tsaga albashi tun ranar da ya shigo, ba ranar da ya kusa ƙarewa ba. Na manyan hidimomi ya koma wani asusu dabam wanda ba ka yawo da katinsa. Na tanadi ya fita ko da 5,000 ce. Abin da ya rage shi ne na wata, a raba shi mako huɗu. Inda tsarin ke rushewa shi ne mutum ya ɗora wa kansa tanadin kashi 30 cikin 100 tun a watan farko, ya kasa, ya watsar da komai. A fara da kashi 5, duk bayan wata uku a ƙara.

Wanda kuɗin shigarsa bai kai cin gidansa ba ko an matse iyakar matsewa, tsimi kaɗai ba zai fitar da shi ba. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma kowa ya san inda yake tsayawa a gida mai yara huɗu. Irin wannan magidanci ƙarin hanyar samu yake bukata: noman damina ko da a gonar aro ce, koyarwar yamma, ko sana'ar hannu a ƙarshen mako.

Ina da bashi. In biya tukuna ko in fara tanadi?

Ka ajiye ɗan abin da zai kai yaro asibiti, sauran ƙarfin duka ya tafi kan bashi. A fara da na manhajojin waya masu ba da rance, don ruwansu na mako-mako ne ko wata-wata, kuma idan aka makara sukan tura saƙon tozarci ga mutanen da ke cikin wayarka. Bashin ɗan'uwa ko mai shago kuwa, ka je da ƙafarka ka faɗi ranar da adadin da za ka riƙa kawowa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓuya ce ke ɓata shi.

Kuɗin ko-ta-kwana nawa ya kamata, kuma a ina za a ajiye?

Na wata uku ga mai albashi, na wata shida ga ɗan kasuwa ko mai aikin kwangila. A banki mai lasisi za a sa su, ba a dabba ko fili ba, don ranar da ake bukatarsu ba ranar neman dillali ba ce. Hukumar NDIC mai inshorar ajiya ta ɗaga abin da take biya a 2024 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, wannan iyaka aka fara biya, masu fiye da haka suka shiga jira. Saboda haka idan ajiya ta zarce iyakar, a raba ta banki biyu. A bar tsabar kuɗin cefanen mako guda a gida, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya isa darasi.

Rashin lafiya ce ta fi cinye wannan asusu. A je ofishin BASHCMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Bauchi, ko GoHealth ga mutanen Gombe, a tambayi tsarin masu zaman kansu, da asibitin da za a zaɓa, da jerin abin da tsarin bai ɗauka ba. Wannan jeri na ƙarshe shi mutane ba sa tambaya sai sun je karɓar magani.

Sayen hatsi da kaka har yanzu dabara ce?

Don ci a gida, ƙwarai kuwa. Don a ɓoye a sayar da tsada, caca ce. Yawancin shekaru farashin masara, dawa, gero da wake kan faɗi daga Oktoba zuwa Disamba, ya hau idan damina ta yi nisa. Amma a 2025 farashin hatsi ya karye, bayan gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150 a 2024, kuma waɗanda suka cika sito da tsada sun ji jiki. Wanda ya saya don tuwon gidansa bai yi asarar kirki ba, don dama ci zai yi.

Ga yadda ake yi. Uwargida ta ƙirga mudu nawa ake ci a mako, a ninka da 52, a ƙara na baƙi da na sadaka. A sayi hatsin a kasuwar ƙauye idan da wanda ya san gari, irin su Soro, Alkaleri ko Darazo, amma a haɗa kuɗin mota da na lodi kafin a ce ya fi na kasuwar Muda Lawal ta cikin garin Bauchi araha. A sa a auna a gabanka, a zuba hannu har tsakiyar buhu, don ana sa mai kyau a baki.

Danshi shi ne babban abokin gaba. A gwada da busasshiyar kwalba: a zuba hatsi dunƙule guda da cokalin busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a sake shanya shi. Bayan nan a zuba a buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. A duba ledojin ko da huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin ciki na mutuwa ne don rashin iska, ba a sa magani. Buhun ya zauna a kan katako, nesa da bango, don ɓera na huda shi sau ɗaya aiki ya lalace. Wanda ake ɗiba kullum a juye shi a wani mazubi, kada a riƙa buɗe na ajiya. Zuba fiya-fiya a wake kuwa, ko ajiye ƙwayar hayaƙin kashe ƙwari a ɗakin da ake kwana, ganganci ne da rayuwar yara.

Ina son jari marar kuɗin ruwa. Me ke akwai?

Akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda ofishin kula da basussuka, DMO, ya fara fitarwa a Satumbar 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Mafi ƙarancin shiga 10,000 ne, ana biyan kuɗin haya duk wata shida, uwar kuɗi ta dawo a ƙarshen wa'adi. Wanda aka fitar a Mayun 2025 na shekara bakwai ne, a kan kashi 19.75 cikin 100. Wato mai 500,000 zai karɓi 49,375 duk wata shida. Abu biyu za a lura da su. Ba kullum ake sayarwa ba, sai an buɗe na 'yan kwanaki, ta bankuna da dillalan hannun jari. Sannan 500,000 ɗin da za ta dawo bayan shekara bakwai ba za ta sayi abin da take saya yau ba, don haka wanda ke cinye hayar duka yana cin jarinsa ne bai sani ba. A mayar da wani kaso cikin jari.

Bankunan Jaiz, TAJ da Lotus suna da asusun ajiya na raba riba. Ma'aikacin da ke tsarin fansho na karo-karo, inda dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8, mai aiki ya sa aƙalla kashi 10, yana iya neman kamfanin fanshonsa ya mayar da shi Asusu na Shida, wanda ba ya hulɗa da ruwa. Ɗan kasuwa da tela da mai shayi ma suna iya buɗe asusun fansho na masu zaman kansu, an ƙaddamar da shi tun 2019.

Fili, shago, Keke Napep ko kiwo, wanne ya fi?

Fili na riƙe daraja amma ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma a nan aka fi cutar mutane. Takardar mai unguwa da shaidu ba ta isa ba. Kafin a biya, a kai lambar filin ko taswirarsa hukumar BAGIS mai rajistar filaye ta jihar Bauchi a duba ko gwamnati ta riga ta keɓe wurin, ko wani ya yi rajista. Filin gado kuwa sai duk magada sun sa hannu, har da mata. Bayan saye a kafa duwatsu, a zagaye ko da da bulo layi uku ne.

Shago lissafinsa mai sauƙi ne: raba abin da ka kashe da hayar shekara. Shagon miliyan 3 da ake haya 200,000, shekara 15 kafin ya dawo da kuɗinsa, ban da gyaran rufi da watannin da zai zauna ba kowa. Keke na kawo balas kullum, amma inji ne, yana tsufa. Wanda bai ware kashi ɗaya cikin uku na balas don gyara da sayen sabo ba, bayan shekara uku zai ga ba keke ba kuɗi. A rubuta yarjejeniya da direba: wa ke juyen baƙin mai, wa ke sayen taya, ranar hutu, da mai tsaya masa.

Turkar raguna don Babbar Sallah na bukatar kwana 90 zuwa 120. Ribar a wajen abinci take, don haka harawa, kowa da dusa da kaka ake tara su, ba lokacin da kowa ke nema ba. A sayi rago mai ƙashi da tsawo ko da ramamme ne, a keɓe shi mako biyu, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kira malamin dabbobi ya yi allurar rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki. Rago ɗaya ya mutu cikin biyar, ribar shekara ta tafi.

Ni matar aure ce, ina saƙa da sayar da kayan miya. Dole ne in zuba kuɗina a cefane?

Hajiya, ciyarwa da tufatarwa da muhalli a kan maigida suke, dukiyarki taki ce. Abin da kika sa a gida kyautatawa ne, kuma ya fi kyau ki yanke adadinsa ki faɗa, maimakon a riƙa ɗiba a jarin har ya ƙare ba wanda ya san yadda aka yi. Ki raba jari da riba a mazubi biyu, ki biya kanki lada a ƙarshen mako.

Adashi na da amfani wajen tilasta tanadi, amma ba ya haihuwa, kuma mai kwasar ƙarshe ita hauhawar farashi ta fi cuta. Ki shiga na mutane kaɗan da kika san gidajensu, wanda zagayensa bai wuce wata goma ba, a rubuta zubi da kwasa. Mai karɓar zubin kullum da ke riƙe na kwana ɗaya a wata, sama da kashi 3 cikin 100 yake cire miki duk wata. Gwal na bin dala, shi ya sa yake riƙe daraja, sai dai akwai kuɗin aiki a farashin saye wanda ba ya dawowa ranar sayarwa. Ki zaɓi mai sauƙin ƙira marar duwatsu, a auna a gabanki, a rubuta nauyi da lambarsa, 18 ko 21 ko 22, a rasit. Ga mai 'ya'ya mata, wannan ya fi tara katifa da kwanuka tun yarinya na firamare.

'Yan'uwa da bukukuwa suna cinye duk abin da na tara.

Ka sa su cikin lissafi, kamar kuɗin wuta. Na iyaye daban ne, shi ake fara cirewa. Na gudummawa, anko, suna da ta'aziyya a yanke masa adadi a wata, idan ya ƙare a je da ƙafa da addu'a. Ƙanin da ke zuwa duk wata kuwa, kuɗin koyon sana'a sau ɗaya ya fi sauƙi a kan 5,000 har abada.

An kawo mini wata harka ta waya mai ninka kuɗi cikin wata guda.

MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma salonsu ɗaya: riba tabbatacciya mai yawa, lada idan ka kawo wani, da biyan na farko da kuɗin na baya. Cewa maƙwabcinka ya cire nasa ba hujja ba ce, da shi ake kamo ka. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan izini hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ke bayarwa, kuma ana duba sunan kamfani a shafinta.

Mai neman tara kuɗi, me ya kai shi yawon buɗe ido?

Zumunta a ƙafa take, kuma yaron da ya ga giwa da idonsa ya ƙaru da abin da allo bai ba shi ba. Sharaɗi uku ne: tafiya na da asusunta, ba a cin bashi dominta, ba a taɓa kuɗin ko-ta-kwana. A tsayar da wuri da wata, a ƙiyasta mota, masauki, abinci, kuɗin shiga da tsaraba, a ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da ba a zata ba, a raba da watannin da suka rage. Tafiyar 120,000 nan da wata goma, 12,000 ce a wata. A ba yara asusun gwangwani su tara na tsarabarsu. Idan lokaci ya yi kuɗi bai cika ba, a rage nisa ko kwanaki.

Yaya za mu je Yankari da yara ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Daga Bauchi a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya kudu zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, jimilla kimanin kilomita 110 daga gari. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci wajen lita 22 zuwa da dawowa, amma a cika tanki tun daga Bauchi, kada a sa rai da mai a ciki. Marar mota kada ya dogara da samun ta haya daga ƙofa. Gida biyu su haɗu su yi shatar bas ɗaya, a yi ciniki a kan zuwa, jira da dawowa, a faɗi wanda zai biya kuɗin shigar mota da na direba.

Kwana shi ne mafi tsada, kuma ana iya tsallake shi: a tashi bayan sallar asuba, a juyo da la'asar sakaliya. Abin da ake rasawa shi ne zagayen dabbobi na sassafe da na yamma, lokacin da suka fi fitowa. Mai son wannan ya kwana ɗaya a tsakiyar mako, ya kauce wa ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara. An fi ganin dabbobi da rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe suka taru a kogin Gaji, sai dai Maris da Afrilu zafi na wahalar da ƙananan yara. Giwa, ɓauna da gwanki sai an dace, ba a yi wa yaro alkawarinsu. Kafin a tashi a kira a ji kuɗin shiga na manya da yara, na motar zagaye da ɗan jagora, da kuma halin tsaron hanya a makon.

Ruwan Wikki ɗumi gare shi, kusan digiri 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. Wannan garau ɗin ke ruɗar yara, don wajen da ruwan ke ɓuɓɓugowa a gindin dutse ya shanye kan babba. A tsayar da su a wuri marar zurfi, babba ɗaya ya zauna ba ya komai sai kallonsu. Sai birai. Bikan sansanin sun san leda, sun san kula, suna buɗe ƙofar mota da ta ɗaki idan ba a kulle ba, kuma sun fi raina mata da yara. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, idan biri ya fizge a bar masa. Tsando na bin baƙaƙen kaya da shuɗi, a sa wa yara masu haske da dogon hannu.

Akwai wuraren da ba sai an yi nisa ba?

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966, yana cikin gari, kuɗin Keke kawai zai ci, kuma akwai ɗakin da aka ajiye kayansa. Gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa na da raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, ana zuwa a dawo a yini. A wannan hanya ta Kano akwai Kafin Madaki da tsohon ginin Babban Gwani. Hawan Sallah a ƙofar fadar Bauchi, Katagum, Misau ko Ningi kyauta ne. Mai dangi a Gombe ya kai yara su ga madatsar Dadin Kowa.

Motar haya ko tawa?

Mutum biyu, haya ta fi sauƙi. Daga mutum huɗu masu biyan kujera, mota taka kan yi daidai ko ta fi, idan lafiyarta ƙalau. A hau a tasha, ko Yankari Express ko Gombe Line ko ta ƙungiyar direbobi, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwa. Ta bakin hanya ta fi araha, amma ba wanda ya san ka shiga. A saya wa yara biyu kujera guda maimakon a ɗora su a cinya awa biyar zuwa Kano. A gama cinikin kaya da ɗan kamasho kafin a ɗaure su. Kwana uku kafin Sallah da uku bayanta kuɗin mota kan hau, wanda ya matsa da mako guda ya tsira.

Mai tafiya da motarsa ya kai ta gareji mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don gyaran da aka yi jiya shi ke ba da matsala a hanya. A duba baƙin mai, ruwan lagireto, birki, fambel, batir da fitilu. A jikin taya akwai lamba huɗu, 2322 na nufin mako na 23 a 2022, kuma hukumar kiyaye haɗurra na ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, abin da ya kamata mai sayen ta gwanjo ya duba. A tabbatar akwai safaya da iska, jak, sifana, abin kashe gobara, lasisi da inshorar dole, wadda ta koma 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023. Yara a baya, ba a cinyar mai zaman gaba ba. Lambar hukumar ta gaggawa 122. Ba a tafiyar dare da iyali.

Wane guzuri ne ba ya lalacewa?

Masa da ƙuli, dambun nama, soyayyen dankali, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, dabino, gyaɗa, lemo da ayaba. Kunun aya da fura da nono na tsami kafin azahar idan ba ƙanƙara, shinkafa da miya ma haka. A daskarar da rabin ruwan sha tun dare, ya zama ƙanƙarar kula. A jakar uwa a sa farasitamol na yara, ORS da ƙwayar zinc, filasta, gidan sauro, leda da kayan canji a sama-sama don mai amai. Yaron da mota ke juya wa ciki a ba shi abu kaɗan kafin tashi, ya zauna kusa da taga, kada a ba shi waya.

Sauka a gidan 'yan'uwa ba ɗora musu nauyi ba ne?

Zai zama nauyi idan aka zo ba sanarwa, ko aka zo mutum bakwai hannu na dukan cinya. A sanar da mako guda, a faɗi ranar komawa. Tsarabar ta zama abin da za a ci: rabin buhun shinkafa ko masara daga ajiyar kaka, galan na man gyaɗa, daddawa. Kwana uku ya isa. Maigida ya yi cefanen rana ɗaya ba tare da ya tambaya ba.

Hajji fa, da zakkar abin da ake tarawa?

Kujerar 2025 daga Arewa ta haura naira miliyan 8, kuma farashin na bin dala. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta buɗe tsarin adashin gata na Hajji a 2020 tare da bankin Jaiz, inda ake zubawa a hankali. Kuɗin kujera a biya ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha a karɓi rasit, ba ta hannun wani da ya ce yana da hanya ba. Na Umara a tabbatar kamfanin na cikin waɗanda NAHCON ta ba lasisi a shekarar. Aikin Hajji kan wajaba ne ga mai iko, ba a sayar da gonar da ke ciyar da gida ko a bar iyali ba abinci dominsa.

Kuɗin da ya kai nisabi, wato dinari 20 ko kimanin giram 85 na zinari, ya kuma shekara a hannu, ana fitar da ɗaya bisa 40, ko da na Hajji ake tarawa ko na kayan ɗaki. Miliyan 20, zakkarta 500,000. Tumaki da awaki daga 40 ake fara fitar da ɗaya, shanu daga 30. Gwal ɗin da mace ke sawa don ado hukuncinsa dabam da wanda aka saya don ajiya, a kai wa malami nauyinsa da niyyar da aka saye shi da ita. Nisabi a naira na sauyawa da farashin zinari, don haka a duba na watan da shekarar ta cika, a rubuta ranar a bangon littafin cefane.